Tsofaffin Motocin Tseren Grand Prix da Motocin Nuni na Zamani

Motocin Grand Prix motoci ne da ake ƙerawa domin tsere kawai, bisa ƙa'idojin nauyi da girman injin da hukumar gasar take gindayawa. Idan aka ce tsofaffi, yawanci ana nufin waɗanda aka yi daga 1906 zuwa wajajen ƙarshen shekarun 1960, ko da yake marubuta ba su haɗu a kan shekara guda da za a ja layi ba. Motocin nuni kuwa su ne waɗanda kamfani yake ƙera guda ɗaya ko biyu, ya kai su baje koli domin a ga fasali ko dabarar da yake tunanin amfani da ita nan gaba, ba don a sayar ba. Duka biyun ba na kasuwa ba ne, amma agogo ne yake yi wa ta farko alƙalanci, ta biyu kuma idon mai kallo.

Asalin gasar

Kalmomin Grand Prix na Faransanci ne, ma'anarsu babbar kyauta. Tun 1894 ake gasar motoci a kan hanyoyin Faransa daga gari zuwa gari, har sai da tseren Paris zuwa Madrid na 1903 ya ci rayukan direbobi da 'yan kallo, cikinsu har da Marcel Renault, gwamnati ta tsayar da shi a Bordeaux. Daga nan aka koma zagaya hanyar da aka killace. Gasar da aka fi ɗauka a matsayin Grand Prix ta farko ita ce wadda ƙungiyar masu motoci ta Faransa ta shirya kusa da Le Mans a ranakun 26 da 27 ga Yuni 1906. Tsawon zagaye ɗaya ya kai kilomita 103, an yi zagaye shida kowace rana, kuma Ferenc Szisz, haifaffen Hungary, shi ya yi nasara da Renault mai injin kusan lita 13, a matsakaicin gudun da ya ɗan haura kilomita 100 a awa.

Zafin ranar ya narkar da kwaltar da aka zuba, tana fallatsa wa direbobi a ido, tayoyi kuma suna fashewa ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya taimaki Renault shi ne sabon rim na kamfanin Michelin wanda ake kwancewa da tayarsa a ɗaura wani cikin 'yan mintoci, alhali wasu na fama da wuƙa suna yanke tsohuwar taya kafin su sa sabuwa. A wancan zamani mutum biyu ne a cikin mota, direba da bakanike, wanda aikinsa ya yi kama da na yaron mota: yana buga famfon mai da hannu, yana duba agogunan injin, yana waiwaye ya faɗa wa direba wanda ke tafe a baya. An hana ɗaukar bakanike daga 1925.

Fijo ta 1912

Ga mai karatu a Jos ko Abuja, sunan Peugeot yana tuna masa 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, wadda ta yi shekaru tana jigila tsakanin tashoshin Arewa. Amma a tarihin injin tsere, gudummawar kamfanin ta girmi wannan da shekara sittin da 'yan kai. Kafin 1912, dabarar samun gudu ita ce a ƙara girman injin, har Fiat ta zo da mai lita 14. Peugeot ta fito da L76 mai lita 7.6 kacal, wadda aka ɗora wa kamshaf biyu, wato sandunan da ke buɗe bawul, a saman injin, kowace silinda kuma bawul huɗu, biyu na shigar iska da mai, biyu na fitar hayaƙi. Wannan ya sa injin yana shaƙa yana fitarwa cikin sauƙi, yana juyawa da sauri fiye da manyan. Georges Boillot ya ci gasar Faransa da ita a Dieppe a 1912, Jules Goux kuma ya ci tseren mil 500 na Indianapolis a Amurka a 1913.

Ana saɓani kan wanda ya cancanci yabon, ko mai zane Ernest Henry ɗan Switzerland, ko direbobin nan uku, Boillot da Goux da Paolo Zuccarelli, waɗanda suka kawo shawarar. Tsarin dai ya zauna daram. Bakaniken da ya buɗe kan injin ƙaramar motar Japan a Apo ta Abuja, ya tarar da kamshaf biyu da bawul goma sha shida, tsarin L76 yake kallo.

A ranar 4 ga Yuli 1914, wata guda kafin yaƙin duniya na ɗaya, Mercedes ta kwashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a Lyon, Christian Lautenschlager a gaba.

Shekarun 1920

Bayan yaƙi aka rage girman injin zuwa lita 2, daga baya 1.5, sai injiniyoyi suka koma ga na'urar da ke tura iska cikin injin da ƙarfi. Fiat ce ta fara cin babbar gasa da ita, a Monza a 1923. Alfa Romeo ta janye Vittorio Jano daga Fiat, ya zana mata P2, wadda ta ci kambun duniya na kamfanoni na farko a 1925.

Motar da aka fi tunawa daga wannan zamani ita ce Bugatti Type 35, wadda ta fara fitowa a Lyon a 1924. Ba ta fi sauran ƙarfi ba, amma tana da sauƙin sarrafawa, kuma Ettore Bugatti yana sayar wa duk mai kuɗi, shi ya sa ta cika filayen tsere. Lagiretonta mai siffar kofaton doki da rim ɗinta na alminiyam, wanda aka zuba haɗe da gangar birki, su ne alamominta. Bugatti ta ci Targa Florio a tsibirin Sicily sau biyar a jere daga 1925 zuwa 1929, kuma da irinta William Grover-Williams ya ci gasar Monaco ta farko a 1929. Ana cewa nasarorinta sun haura dubu, wasu ma sukan ce dubu biyu, sai dai lissafin ya haɗa da ƙananan gasanni na hawan tudu. Launin mota a lokacin na ƙasa ne, ba na kamfani ba: shuɗi na Faransa, ja na Italiya, kore na Birtaniya, fari na Jamus.

Kiban azurfa

A 1934 aka kawo ƙa'idar cewa mota ba za ta wuce kilo 750 ba, ban da mai da ruwa da tayoyi. Manufar ita ce a rage gudu, a zaton babban injin ba zai shiga wannan nauyi ba. Akasin haka ya faru. Gwamnatin Hitler, wadda ta ga gasar a matsayin farfaganda, ta ware tallafin kuɗi ta raba wa Mercedes-Benz da Auto Union, su kuma suka yi amfani da ƙarafa marasa nauyi, suka huda duk inda za a iya hudawa. Auto Union, wadda Ferdinand Porsche ya zana, tana da silinda 16 a bayan direba, abin da ya sa bayanta yake zamewa a kwana, kaɗan ne kuma suka iya da ita kamar Bernd Rosemeyer, zakaran Turai na 1936. Mercedes W125 ta 1937 tana da injin lita 5.6 mai ƙarfin doki kusan 600, adadin da motocin Grand Prix ba su sake kaiwa ba sai bayan shekara arba'in da wani abu.

Launin motocin Jamus ya koma na azurfa maimakon fari, har ake kiransu kiban azurfa. Labarin da ya fi yawo game da wannan launi shi ne cewa a 1934 motar Mercedes ta haura ma'auni da kilo ɗaya, shugaban tawagar Alfred Neubauer ya sa aka kankare farin fentin da daddare, alminiyam ya bayyana. Masana tarihi da dama suna shakkar labarin.

Ba kullum Jamusawa suke ci ba. A 1935 Tazio Nuvolari ya doke su a gidansu, a Nürburgring, da Alfa Romeo P3 wadda zamaninta ya riga ya wuce, bayan tayar Manfred von Brauchitsch ta fashe a zagayen ƙarshe. Ranar 28 ga Janairu 1938 Rudolf Caracciola ya kai gudun kilomita 432.7 a awa a kan babbar hanyar Frankfurt zuwa Darmstadt da Mercedes mai rufaffen bodi. Da safiyar nan Rosemeyer ya fita da Auto Union domin ya karya tarihin, iska ta kaɗe motar, ya mutu nan take.

A Afirka

Gasar Tarabulus a Libiya, lokacin tana hannun Italiya, tana cikin mafi gudu da mafi tsoka a kyauta. A 1939 masu shirya ta suka taƙaita ta ga injin lita 1.5 domin a ba motocin Italiya dama, sai Mercedes ta ƙera W165 a ɓoye cikin kusan wata takwas, ta zo ta ɗaya da ta biyu, Hermann Lang a gaba, ba a kuma sake tsere da motar ba. An yi gasa a Tunis da East London ta Afirka ta Kudu, an yi ta kambun duniya a Casablanca a 1958. Ta kambun duniya ta ƙarshe a nahiyar ita ce ta Kyalami, a Afirka ta Kudu, a 1993.

Bayan yaƙi na biyu

Gasar kambun duniya ta direbobi, wadda ake kira Formula 1, ta fara a Silverstone ta Ingila ranar 13 ga Mayu 1950. Giuseppe Farina ya ci da Alfa Romeo 158, motar da aka zana tun kafin yaƙi aka ɓoye ta har ya ƙare. Magajiyarta 159 tana shan fiye da lita ɗaya da rabi a kowace kilomita, wannan kuma ya ba Ferrari dama, José Froilán González ya ci mata gasar farko a 1951. Mercedes ta dawo a 1954 da W196, wadda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda ba ta kafireta ba, ta janye a ƙarshen 1955, shekarar da wata motarta ta faɗa cikin 'yan kallo a Le Mans, mutum sama da 80 suka mutu. Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina ya ci kambu biyar da kamfanoni huɗu, na ƙarshe a 1957 da Maserati 250F, wadda mutane da yawa ke ɗauka mafi kyawun siffa cikin masu injin a gaba.

Ƙaramin kamfanin Cooper ne ya mayar da injin baya, Jack Brabham ya ci kambu da motarsu a 1959 da 1960, cikin shekara biyu kuma kowa ya bi. Lotus 25 ta 1962 ta watsar da firam na bututu, bodin kansa ya zama shi ke ɗauke da nauyi. A 1968 fukafukai da tallan kamfanoni suka hau jikin motoci, a nan ne mafi yawan marubuta suke rufe babin tsofaffi.

Motocin nuni

Wadda aka saba kira ta farko ita ce Buick Y-Job ta 1938, aikin Harley Earl na General Motors, mai fitilu da ke ɓoyewa da gilasan da ke sauka da lantarki. A shekarun 1950 aka yi Firebird mai injin irin na jirgin sama, Ford kuma ta nuna Nucleon, wadda aka ce makamashin nukiliya zai tuƙa, amma ba ta wuce ƙaramin samfuri ba. Italiyawa sun fi damuwa da yadda iska ke bi ta jikin mota, kamar BAT guda uku da Bertone ya yi wa Alfa Romeo daga 1953 zuwa 1955, da Lancia Stratos Zero ta 1970 wadda tsayinta daga ƙasa zuwa rufi santimita 84 ne, ta gilashin gaba ake shiga.

Yawancin motocin nuni da yumɓu ake fara sassaƙa su, wasu ba su da injin ma, turo su ake yi zuwa dandamali. Akwai kuma masu aiki na gaske. Mercedes Vision EQXX mai batir ta yi tafiyar kilomita 1,008 daga Sindelfingen ta Jamus zuwa Cassis ta Faransa a Afrilun 2022 ba tare da an sake caji ba, kuma injiniyoyin sashen Formula 1 na kamfanin sun sa hannu a aikinta.

Kamfanoni sukan koma ga tarihin tsere idan suna son sabon abu ya karɓu. Audi, magajiyar Auto Union, ta nuna Avus mai bodin alminiyam a 1991, da wata mai sunan Rosemeyer a 2000. Infiniti, wadda ba ta da tarihin tsere a wancan zamani ko kaɗan, ta yi Prototype 9 a 2017 da siffar motar shekarun 1940 amma mai lantarki. A 2018 Mercedes ta fito da EQ Silver Arrow mai kujera ɗaya, domin tunawa da motar Caracciola ta 1938.

Najeriya

Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, shi ake danganta wa zanen Chevrolet Volt ta nuni da General Motors ta baje a Janairun 2007. Wadda ta shiga kasuwa a ƙarshen 2010 ta bambanta da ita a siffa, domin an sassauta ta yadda za ta fi ratsa iska, abin da ya saba faruwa tsakanin dandamali da masana'anta. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa motoci ta ƙasa da ke Abuja.

Darajarsu a yau

Tsofaffin motocin da suka tsira suna gidajen tarihi na kamfanoni da hannun attajirai, ana fito da wasu a bukukuwan motoci a Goodwood ta Ingila da Monaco. An sayar da W196 ta Fangio a kan fam miliyan 19.6 a 2013, wata mai rufaffen bodi kuma a kan sama da yuro miliyan 51 a Stuttgart a Fabrairun 2025. Na Auto Union kaɗan ne suka rage, domin sojojin Tarayyar Sobiyat sun kwashe yawancinsu bayan 1945, sai daga baya aka gano ragowar wasu aka sake haɗa su.