Waiwaye: Ja da Bayan Tafkin Chadi

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Yana cike maƙil lokacin da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, aka kuma yi ta tsare-tsare kamar ruwan zai dawwama a inda yake.

Tafkin ba shi da zurfi, zafin rana kuma yana ƙafar da kusan mita 2 na ruwansa duk shekara. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da koguna ke zuba masa daga Shari da Logone yake fitowa, don haka in damina ta gaza a kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya, masunci a Baga ne zai ji a jikinsa. Haka ya faru a farin 1973: wani tudu ya ɓullo ya raba tafkin gida biyu. Da farin 1984 ya zo, ɓangaren arewa ya ƙafe, abin da ya rage bai wuce murabba'in kilomita 2,000 ba.

Babbar asarar ta faɗa kan aikin noman rani na Marte, wanda aka tsara wa kadada 67,000. An haƙa magudana, an girka injinan jan ruwa, sai tafkin ya janye ya bar su a tsandauri. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 kuma suka rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ruwansu ke gangarawa zuwa tafkin ta Kogin Yobe, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa.

Mutanen bakin tafkin su ne suka fi fahimtar halinsa. Ruwa ya ja, su shuka masara da wake a danshin da ya bari. Ya dawo, su ɗauki koma da kwalekwale. Makiyaya su bi ciyawa. Rikicin Boko Haram ne ya datse wannan zirga-zirga.

A taron Abuja na 2018 an farfaɗo da shirin Transaqua na janyo ruwa daga rassan Kogin Kwango ta magudana mai tsawon kilomita 2,400. Sai dai hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ɓangaren kudu ya daina raguwa tun shekarun 1990, har ambaliya ta ci garuruwan yankin a 2022 da 2024. A ganinmu, kuɗin da shirin zai ci ya fi amfani a tashoshin auna ruwa, da tsarin sakin ruwan madatsu a kan lokaci, da yashe magudanan da kachalla ta cinye.