Sauyin Tasha da Raunin Sigina a Ƙananan Na'urorin Rediyo

Ƙananan na'urorin rediyo alluna ne na lantarki da ake dasawa cikin wasu kayan aiki domin su aika bayanai ba tare da waya ba, kamar ma'aunin ruwan tanki, makunnin famfon burtsatse, ko ma'aunin zafin ɗakin kaji. A Zariya an fi ganinsu a hannun ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, sai kuma masu haɗa sola. Waɗanda suka fi yawo su ne ESP8266 da ESP32 na kamfanin Espressif, da nRF24L01+ na Nordic Semiconductor, duka a zangon 2.4 GHz. Ƙorafin da aka saba ji iri biyu ne: na'ura ta daina jin 'yar'uwarta haka kawai, ko saƙo ya riƙa zuwa yana katsewa.

Tasha

Wi-Fi yana da tashoshi 13 a wannan zango. Tazarar da ke tsakaninsu 5 MHz ce, alhali kowace tana cin faɗin kusan 20 MHz, don haka suna hawa kan juna. Uku ne ba sa taɓa juna: ta 1 (2412 MHz), ta 6 (2437 MHz) da ta 11 (2462 MHz).

ESP32 rediyo ɗaya gare ta, ba ta zama a tasha biyu lokaci guda. Nan gizo ke saƙa. A ce allon da ke cikin gida yana haɗe da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, yana kuma karɓar saƙon ESP-NOW (hanyar da allunan ESP ke magana da juna kai tsaye ba tare da rauta ba) daga ma'aunin da ke kan tanki, wanda aka kafe a tasha ta 1. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita. Rautar da aka bari ta zaɓi tasha da kanta ta tashi a ta 6, allon cikin gida ya bi ta, ma'aunin tanki kuwa yana can yana ta sallama a ta 1 ba mai amsawa. Babu abin da ya ƙone, babu kuskure a manhaja. Idan wayar hannu ce ke raba intanet ɗin abin ya fi muni, domin tana iya sauya tasha duk sanda aka kunna.

Magani mafi sauƙi shi ne a shiga saitin rauta a kafe ta a 1, 6 ko 11. In ba hali, a tsara ma'aunin ta yadda in ya aika sau biyar bai ji amsa ba, ya bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya har ya samo allon, ya adana lambar. Umarnin sauya tasha ba ya tasiri muddin allon yana haɗe da rauta. A kuma guji 12 da 13, saboda na'urorin da aka saita wa Amurka ba sa ganinsu.

Ita nRF24L01+ tashoshinta daga 0 zuwa 125 ne, mitarta kuwa 2400 MHz ce a tara da lambar tashar. Manhajar RF24, wadda ake sarrafa ta da ita, tana farawa a 76. Wasu kan haura sama da 83 don gudun cunkoso, sai dai zangon da aka sake wa kowa ya ƙare ne a 2483.5 MHz. Kafin a sauya tasha ana saukar da wutar ƙafar CE, wato ƙafar da ke kunna aikawa da karɓa, a rubuta sabuwar lamba, a ɗaga ta, a jira mikirodaƙiƙa 130. Dole ɓangarorin biyu su dace a tasha da saurin aikawa da adireshi.

Ƙarfin sigina

Ana auna shi da RSSI, wato lambar da ke nuna ƙarfin siginar da na'ura ta karɓa, a ma'aunin dBm, kuma lambar da ta fi kusa da sifili ta fi ƙarfi. −50 ƙarfi ne sosai, −67 ya wadatar, daga −80 saƙo ya fara zubewa, −90 kusan babu. Raguwar 3 dB rabin ƙarfi ke nan. A fili, duk ninka nisa yana cin 6 dB. Amfanin lambar shi ne raba gardama: in ta nuna rauni, matsalar hanya ce ko eriya, in tana da kyau amma saƙo na ɓacewa, a nemi cunkoso ko ƙarancin wuta.

Matsalar wuta ce ta fi ruɗar mutane, kuma ita ake dubawa a ƙarshe maimakon a farko. Lokacin aikawa ESP32 kan ja wajen 240 mA a fizge, shi ya sa ake son tushen da zai ba da 500 mA. Caja mai arha da siririyar wayar USB sukan sa wutar ta faɗi, allon ya sake tashi, mai shi ya ɗora wa eriya laifi. Ita nRF24L01+ wuta 1.9 zuwa 3.6 V take sha. 5 V kashe ta yake yi. Kafasita mai 10 zuwa 100 µF, a liƙe dab da ƙafafun wuta na VCC da GND, kan kawar da yawancin wannan katsewa.

Sai hanya. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin birni tana shanye sigina, balle da damina in ta sha ruwa, haka ma ganyen mangwaro da tankin da ke cike. Rufin kwano da akwatin ƙarfe kuwa tare shi suke yi ɗungurungum. Allon da aka rufe a akwatin inbata sai an fito masa da eriya waje. Eriyar da aka zana a kan allo ba ta son batir ko waya a kusa da ita. A wasu alluna, irin su ESP32-CAM, wani ɗan mitsitsin resisto ne ke zaɓar eriyar ciki ko ta waje, kuma in ba a juya shi da kawiya ba, eriyar da aka ɗaura ado ce kawai.

Inda nisa ya gagara, a rage sauri. A 2 Mbps nRF24L01+ tana ji zuwa −82 dBm, a 250 kbps kuwa har −94 dBm. Wannan bambanci na 12 dB ya kai ninki huɗu na nisa a fili.