Tarihin Binciken Tsirrai a Sudan

Binciken tsirrai a Sudan, wato tattara ganye da fure da 'ya'yan itace a busar da su tsakanin takardu sannan a ba su sunan kimiyya, ya kankama ne bayan shigowar rundunar Muhammad Ali Pasha daga Masar a 1820, domin hanyar da yaƙi ya buɗe ita masu bincike suka bi. Frédéric Cailliaud na Faransa ya bi rundunar har Sannar da Fazugli, kuma masani Delile ya wallafa bayanin tsirran da ya kawo a 1826. A ƙarshen shekarun 1830 Theodor Kotschy na Ostiriya ya ratsa Kurdufan, ya kai samfura masu yawa Biyana.

Wanda ya fi kowa barin tarihi shi ne Georg Schweinfurth, Bajamushe haifaffen Riga. Tsakanin 1864 da 1866 ya bi gaɓar Bahar Maliya ya kai Gallabat, sannan daga 1868 zuwa 1871 ya shiga Bahar Gazal, wadda yanzu take Sudan ta Kudu, tare da ayarin fataken hauren giwa na Khartum. A Disamba 1870 gobara ta cinye zangon da ya sauka, ta haɗa da littattafan tafiyarsa da tsirran da bai riga ya aika ba. Duk da haka bai yar da aikin ba, sai ya koma auna nisan hanya da ƙirga takunsa. Abin takaici, akasarin ma'ajiyar busassun tsirrai ta Balin, inda aka tara kayan masu bincike irinsa, ya ƙone a 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A zamanin mulkin Ingila da Masar aikin ya karkata ga noma da gandun daji. Broun da Massey sun fitar da littafin tsirran ƙasar a 1929, F. W. Andrews ya biyo da mujalladi uku tsakanin 1950 da 1956, bayan ƙarewar wannan mulki kuma Wickens ya yi na tsaunin Jabal Marra a 1976.

Sai dai waɗannan littattafai ba su cika ambaton waɗanda suka nuna hanya ba, alhali makiyaya da manoma da masu magani sun riga baƙi sanin amfanin kowace bishiya. Mutanen Kurdufan sun daɗe suna rarake kututturen kuka su tara ruwan damina a ciki don rani, suna kuma tsaga ɓawon dakwara su jira ƙaro ya tsatso ya daskare kafin a kai shi kasuwar Al-Ubayyid. Hausawan da suka zauna a Mai Wurno da Gadarif da Jazira sun tarar da aduwa da tsamiya da goruba da bagaruwa kamar yadda suka baro su a gida, shi ya sa magungunan sassaƙe da miyar kuka ba su yanke a gidajensu ba. Jerin da masanan lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan da abokan aikinsu suka wallafa a 2015 ya ƙunshi nau'o'in tsirrai kusan 4,000 a Sudan da Sudan ta Kudu.