Takarar shugabancin lauyoyi: abin da dokar NBA ta tanada

Duk shekara biyu lauyoyin Najeriya kan zaɓi shugabannin ƙungiyarsu ta NBA, kuma da wuya ɗan takara ya fito bai yi alkawarin kawo wa mambobi fasahar zamani ba. Kafin a kai ga alkawuran, shi kansa zaɓen a kan intanet ake yin sa.

A da, wakilai ne ke zaɓe. Kowane reshe ya tura nasa, a taru a gari ɗaya, tsirarun mutane su yanke wa dubban lauyoyi hukunci. Kundin tsarin mulkin ƙungiyar na 2015, wanda aka yi zamanin Augustine Alegeh, shi ya soke wannan, ya ba kowane lauyan da ya cika sharuɗɗa ƙuri'arsa ta kansa, ya kaɗa ta daga inda yake, ta waya ko kwamfuta. Zaɓen farko a wannan tsari shi ne na 2016, wanda Abubakar Balarabe Mahmoud ya ci.

Ba kowa ke tsayawa ba. Mai neman kujerar shugaba sai ya shekara 15 da zama lauya, ya kuma taɓa zama a majalisar zartarwar ƙungiyar. Sannan akwai karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyi uku: Arewa, Gabas da Yamma. Bayan Mahmoud sai Paul Usoro daga shiyyar Gabas a 2018, Olumide Akpata daga ta Yamma a 2020, kujerar ta dawo Arewa wajen Yakubu Maikyau a 2022, sai Afam Osigwe a 2024. Wa'adin shekara biyu ne, ba tazarce. Akpata ya hau ba tare da muƙamin babban lauya na SAN ba, domin kundin bai sa shi cikin sharuɗɗa ba.

Inda yawanci ake tuntuɓe shi ne wajen mai zaɓe. Lauya zai biya kuɗin izinin aiki na shekara kafin ƙarshen watan Maris, ya biya na reshensa, sannan sunansa, imel da lambar wayarsa su dace da abin da ke cikin rajistar ƙungiyar. Wanda ya makara da biya, ko ya sauya layi bai gyara bayanansa ba, sai ya wayi gari ba shi da ƙuri'a, ko da ya shekara talatin yana sa baƙar riga. Kwamitin zaɓe na ƙungiyar ne ke fitar da jerin masu zaɓe, kuma bayan zaɓukan 2018 da 2020 wasu da suka sha kaye sun yi ƙorafi a kan jerin da kuma yadda aka kaɗa ƙuri'a. A ganina, duk ɗan takarar da ya zo da zancen manhaja, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa zai riƙe rajistar, kuma wa zai binciki na'urar bayan an sanar da sakamako.

Wannan rajista ta shafi wanda ba lauya ba ma. Dokokin ɗa'ar aikin lauya na 2007 sun wajabta liƙa hatimin NBA a kan takardar da lauya ya sa wa hannu, ko ta kotu ce ko ta cinikin fili. A shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi tsakanin Bello Sarkin Yaƙi da Atiku Bagudu a 2015, Kotun Ƙoli ta ce takardar da ba hatimi ba ta mutu ba, amma ba ta cika ba sai an gyara. Lauyan da sunansa ke cikin rajista, ya kuma biya kuɗinsa, shi ake ba hatimin. Saboda haka idan za ka sayi fili, duba hatimin, ka tabbata sunan da ke jikinsa shi ne na lauyan da ya sa hannu.