Kafin Ka Zauna da Mai Ba da Shawarar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Amurka, Ka Tambayi Inshorarka

'Yan uwa mazauna Amurka, da yawa cikinmu da zarar an ambaci ma'aikacin jin daɗin jama'a, sai gabansu ya faɗi, suna tunanin masu zuwa gida su ɗauke yara. Wannan tsoro ya hana mutane neman taimakon da yake haƙƙinsu ne. Akwai wani rukuni daban na ma'aikatan jin daɗin jama'a, masu lasisin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda za ka ga haruffan LCSW a bayan sunansu, a wasu jihohi kuma LICSW. Sun yi digiri na biyu, sun yi kusan shekara biyu suna aiki a ƙarƙashin wani ƙwararre, sun ci jarrabawa, kafin jiha ta ba su lasisi. Aikinsu su zauna da mai fama da damuwa, rashin barci, firgita, baƙin cikin rashi ko rikicin aure, a tattauna har a ga hanya. Ba sa rubuta magani, wannan aikin likita ne. Abin da ka faɗa musu sirri ne a ƙarƙashin HIPAA, dokar kare sirrin bayanan lafiya ta 1996, sai dai in akwai haɗari ga ran wani ko cin zarafin yaro, nan doka ta ba su damar kai rahoto, game da yaro ma ta wajabta musu.

Samun su ba wuya. Likitan da kake gani zai iya tura ka, shafin kamfanin inshorarka yana da jerin sunaye, akwai kuma shafin FindTreatment.gov na SAMHSA, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Idan ka samu suna, ka duba shi a shafin hukumar ba da lasisi ta jiharku, ka tabbatar lasisin bai ƙare ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne kuɗi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Mutum ya yi zama uku ko huɗu, ya fara samun sauƙi, sai takardar biyan kuɗi ta iso gida da adadin da bai taɓa zato ba. Daga ranar ya daina zuwa, ya koma gidan jiya, ga kuma bashi. Kiran waya biyu kawai zai iya hana wannan.

Juya katin inshorarka, akwai lambar waya a baya. Wani lokaci lambar sashen lafiyar ƙwaƙwalwa daban take, domin wasu kamfanoni suna miƙa wannan ɓangare ga wani kamfani. Ka ɗauki biro da takarda kafin ka kira. Ka faɗi cikakken sunan ma'aikacin da adireshin ofishinsa, ka ce: shin yana cikin masu yarjejeniya da tsarin da nake kai? Ka lura, kamfani ɗaya yana da tsare-tsare da yawa, ma'aikaci na iya karɓar wani ya ƙi wani. Sannan ka tambaya nawa ne za ka fara biya daga aljihunka a shekara kafin inshora ta sa hannu, nawa ka riga ka biya a bana, nawa ne kasonka a kowane zama, ko ana bukatar izini kafin a fara, da ko ganawa ta bidiyo tana ciki. Ka rubuta ranar, da sunan wanda ya amsa maka, da lambar shaidar kiran. In an yi gardama daga baya, wannan takardar ce za ta tsaya maka.

Kira na biyu na ofishin ma'aikacin ne. Jerin sunayen kamfanoni yakan tsufa, wani ya daina karɓar inshorar tuni sunansa yana nan. Ka tambaye su suna karɓar tsarinka, suna kuma ɗaukar sababbin mutane? In Turanci na ba ka wahala, ka nemi tafinta. Wuraren da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne su samar maka kyauta. Don Allah kada a sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa damuwarta.

Dokar 2008 ta daidaita kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta jiki ta hana yawancin tsare-tsaren inshora tsaurara sharuɗɗa a nan fiye da na sauran cututtuka, don haka in an ƙi biya kana da damar ɗaukaka ƙara. Sashen B na Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi da naƙasassu, yana biyan kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ya amince da shi bayan ka cika abin da za ka fara biya daga aljihunka a shekara. Medicaid kuwa, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, kowace jiha da ƙa'idarta. Wanda ba shi da inshora ya nufi asibitocin al'umma masu karɓar kuɗi daidai da samun mutum, kuma tun Janairun 2022 yana da haƙƙin a ba shi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin a fara. Masu aiki su tambayi wurin aikinsu, wasu suna biyan 'yan zama na farko kyauta.

Wanda yake jin zai cutar da kansa kada ya tsaya jiran wannan duka. Ya kira ko ya aika saƙo zuwa 988, layin agajin gaggawa na masu matsananciyar damuwa, dare ko rana, ba a biyan ko sisi, ba a kuma bukatar katin inshora.