Tarihin Aikin Jin Daɗin Jama'a: Ra'ayoyi da Hanyoyin Aiki

Aikin jin daɗin jama'a sana'a ce ta taimakon mutum, iyali ko unguwa a kan matsalolin rayuwa, irin su talauci, rikicin aure, maraici, naƙasa da kangarewar yara. Taimakon mabuƙaci ya girmi kowace makaranta, amma mayar da shi sana'a mai horo da albashi da ajiye bayanai ya faro ne a biranen masana'antu na Ingila da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Tun daga lokacin tambaya ɗaya ke raba kan masu sana'ar: matsalar tana jikin mutumin ne, ko tana cikin halin da ya tsinci kansa?

Dokar Talakawa da ƙungiyoyin sadaka

Dokar Talakawa ta Ingila ta 1601 ta ɗora wa kowace gundumar coci kula da matalautanta da kuɗin haraji. Gyaran 1834 ya tsananta lamarin. Mai ƙarfi a jika da ya nemi taimako sai ya shiga gidan aiki, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya, kuma da gangan aka ƙuntata zaman wurin don kada kowa ya yi sha'awarsa.

A 1869 aka kafa Ƙungiyar Tsara Sadaka a Landan, saboda masu bayarwa sun yi yawa, babu wanda ya san abin da wani ya bayar. Ƙungiyar ta buɗe rajista ɗaya. Duk wanda ya nemi taimako a rubuta sunansa, a aika mai bincike gidansa, a tambayi mai gidan haya da wanda yake wa aiki, sannan kwamiti ya yanke ko ya cancanta. Daga nan ziyarar gida da fayil suka samo asali. Aibin tsarin shi ne ya ɗauki talauci a matsayin lalacewar hali, har magidancin da masana'anta ta sallama ya zama abin tuhuma. Binciken Charles Booth ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Landan matalauta ne, na Seebohm Rowntree a York a 1899 ya sami kusan kashi 28, kuma babban dalili shi ne ƙarancin albashi.

Zama cikin unguwa

Ɗaya reshen, mai ganin matsalar tana cikin halin da mutum ya tsinci kansa, ya bi wata hanya. Samuel da Henrietta Barnett sun buɗe Toynbee Hall a gabashin Landan a 1884, inda 'yan jami'a suka tare cikin unguwar talakawa. Jane Addams da Ellen Gates Starr suka kafa Hull House a Chicago a 1889, da azuzuwan dare da wurin renon yara. Mazauna gidan sun bi gida-gida suna rubuta albashi da yanayin muhalli, suka yi amfani da bayanan wajen neman doka. Da hannunsu a dokar masana'antu ta jihar Illinois ta 1893 wadda ta hana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 14 aiki, da kotun yara ta farko a Amurka a 1899.

Mary Richmond da binciken hali

Horo ya fara da kwas na bazara a New York a 1898, sai makarantar Amsterdam a 1899. A 1915 masanin harkar ilimi Abraham Flexner ya faɗa wa taron ma'aikatan jin daɗin jama'a na Amurka cewa aikinsu bai kai sana'a ba, don ba shi da hanyar da za a koyar. Littafin Mary Richmond na 1917, Social Diagnosis, ya toshe wannan giɓi. Ta ce a fara da doguwar hira da mai matsalar, sannan a gana da iyalinsa, sannan a nemi bayani daga dangi, likita, makaranta, wurin aiki da takardu. Bayan haka a auna shaidun, a raba abin da aka gani da ido da abin da aka ji a bakin wani, kafin a ce ga matsalar. Ta yi kashedi game da maƙwabtan da ake zaune da su, domin tambayarsu tana tona asirin gida, kuma maganarsu ba ta rasa son rai. Wannan gargaɗi bai tsufa ba. Har yau kuskuren sabon ma'aikaci shi ne ya yanke hukunci a hirar farko, sauran binciken ya zama neman abin da zai gaskata zatonsa.

Daga Freud zuwa aikin ɗan lokaci

Daga shekarun 1920 ra'ayoyin masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud suka mamaye makarantun sana'ar a Amurka, hankali ya koma kan ƙuruciyar mutum da abin da ke ransa. An ƙaru da iya sauraro, amma mai kukan kuɗin haya yakan tarar ana tambayarsa labarin mahaifiyarsa. Helen Harris Perlman ta dawo da aikin kan warware matsalar da ke gaba a 1957.

A 1969 William Reid da Ann Shyne suka kwatanta iyalan da aka gana da su sau takwas kacal da waɗanda aka bi har tsawon wata 18, sai na gajeren lokacin ba su gaza ba, wasu ma sun fi samun sauƙi. A kan wannan Reid da Laura Epstein suka gina hanyar rabon ayyuka a 1972: a amince kan matsala ɗaya zuwa uku waɗanda mai su ya yarda matsaloli ne, a sa wa'adin wata biyu zuwa huɗu, a rubuta abin da kowa zai yi kafin haɗuwa ta gaba, a fara kowane zama da duba abin da aka cika. Hanyar tana rushewa idan ma'aikacin ne ya zaɓi matsalar, ko kuma abin da ake buƙata, kamar aikin yi ko muhalli, babu shi a garin. Wannan gazawa ce 'yan ra'ayin sauyi na shekarun 1970 suka riƙe, suka ce ana lallashin talaka ya haƙura da zalunci.

Shigowarsa Afirka

Mulkin mallaka ne ya kawo sana'ar. An buɗe makarantar Jan Hofmeyr ta koyar da sana'ar a Johannesburg, Afirka ta Kudu, a 1941. A Legas, jami'i Donald Faulkner ya fara aiki da yaran titi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi Dokar Yara da Matasa a 1943, wadda ta kawo kotun yara da gidajen tsare su. Tsarin na birni ne, kuma an gina shi a kan hira tsakanin mutum biyu a ofis, alhali rikicin aure ko riƙon maraya a ƙasar Hausa yana bi ta hannun waliyyi, dattawan dangi, mai unguwa da liman, ga zakka da waƙafi da suka daɗe suna ɗaukar nauyin mabuƙata. Shi ya sa masanan Afirka suka daɗe suna neman a gina horon a kan waɗannan hanyoyi. Ma'anar sana'ar da ƙungiyoyinta na duniya suka amince da ita a Melbourne a 2014 ta sanya ilimin gargajiya na al'ummomi cikin tushen da aikin ke tsaye a kai.