Miƙo hannu in danna: gwajin da ya raba Hajiya da maganinta

Kwanan baya wata baiwar Allah mai hawan jini ta zo mana asibiti da ciwon kai, ta ce ai ta bar shan magani. A wani taron masu tallar magungunan ƙarin lafiya aka ce ta miƙe hannu, aka danna, ya tsaya ƙyam. Aka ɗora mata ƙwayar hawan jininta a ɗaya tafin, aka sake dannawa, hannu ya faɗi. Mai gwajin ya ce, "Hajiya, kin gani? Jikinki ba ya son maganin nan." Ta sayo kwalba biyu a wurinsa. Da na auna ta, jinin ya haura 180.

Shi gwada ƙarfin tsoka aikin asibiti ne na gaske, kuma cutar shan inna ce ta haifo shi. A Boston ta Amurka, wajen 1912, Dakta Robert Lovett da Wilhelmine Wright suka tsara yadda za a auna abin da ya rage na ƙarfi a gaɓoɓin yaran da cutar ta taɓa. Henry da Florence Kendall suka faɗaɗa aikin a 1949. Har gobe da shi masu gashin ƙashi ke duba mai shanyewar ɓarin jiki, maki daga 0 zuwa 5. Sifili, ko motsi babu. Uku, yana iya ɗaga ƙafa da kansa, amma da ka ɗora hannu sai ta koma. Biyar, ƙarfi ya cika. Iyakarsa ke nan: labarin tsoka da jijiyarta yake ba ka.

A 1964 ne wani mai gyaran ƙashin baya da hannu a Detroit, George Goodheart, ya ɗora masa kayan da ba nasa ba. Ya ce kowace tsoka tana haɗe da wani abu na cikin jiki, hanta ko ƙoda, don haka rauninta na tona ciwon da ke ɓoye. Ya kira abin aflaid kinisiyoloji. A 1973 John Thie ya sauƙaƙe shi yadda kowa zai iya koya, daga nan fa ya shiga kasuwa.

Masana sun gwada shi. Idan aka rufe abin da ake riƙawa, mai dannawa bai san mene ne ba, wanda ake danna wa ma bai sani ba, sai a tarar canki-canka ne kawai. Wani bincike a Amurka a 1988 kan gano ƙarancin sinadaran abinci haka ya nuna.

To me ke kada hannun? Ɗan sauya inda aka dafa, ko a danna kafin mutum ya shirya, ko kuma hannu ya gaji tun dannawar farko. Ba na cewa duk masu yi macuta ne. Wani hannunsa ke bin abin da zuciyarsa ta riga ta yanke, bai ma sani ba.

Na sa wa Hajiya ƙwayarta a ambulan, ɗayan kuma 'yar tsakuwa, na juya su har ni ma na manta wane ne wane. Na danna sau shida, hannun bai bambanta ƙwaya da tsakuwa ba. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ba ni maganina."